Ku Tambaya Mu Amsa: Lemar kwaɗi da yadda take gadon iyayenta

Assalamu alaikum masu karatu. Tunda ruwa ya zauna saƙonni suke ta shigo mana akan lemar kwaɗi, wadda wasu ke cewa naman kaza, har da masu turo hoto wai in duba musu ko zata ciwu. Na ɗebo waɗanda suka fi maimaituwa, sauran a yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Salam malam, dan Allah ka fitar da ni duhu. Bayan ɗakinmu akwai inda muke tara takin shanu, jiya da magariba na wuce ta wurin ba komai, yau na fito sallar asuba na tarar da lemar kwaɗi tsaitsaye a kai, kafin azahar kuma sun narke sun koma baƙin ruwa. Wa ya shuka su, kuma ya akai abu ya girma dare ɗaya haka? Daga wani manomi a Funtua.

AMSA: Wa alaikumus salam malam. Ai ba dare ɗaya tayi ba, ta daɗe a wurin, kai ne dai baka ganta ba sai yau. Gobe in ka samu sarari ɗauki fartanya ka ɗan buɗe takin nan ta inda yake da danshi, zaka ga wani farin zare siriri ya saƙe cikin kashin shanun da ciyawar, in ka murza shi a hannu ya watse, kaji yana wani irin ƙamshin rima. To wannan farar saƙar ita ce ainihin halittar. Lemar da ka gani a sama abin da saƙar ta haifa ne don ta watsa irinta, tana gamawa shikenan aikinta ya ƙare, saƙar kuwa tana nan a ƙasa tana cin abincinta.

Kuma ba tsiro bace fa. Bata da koren ganye, bata haɗa abinci da hasken rana, sinadarin narkarwa take zubowa waje ta narkar da taki ko ruɓaɓɓen itace sannan ta tsotse. Tun 1969 wani masani a Amurka, Robert Whittaker, ya ware su daga tsirrai ya basu nasu rukunin daban, da aka zo ana karanta DNA kuma, wato rubutun gadon da ke cikin jikin kowace halitta, sai aka ga ashe sun ma fi kusa da dabbobi akan tsirrai. Bangon sel ɗinsu, wato ƴan mitsitsin ɗakunan da aka gina jikin halitta da su, da kaitin aka yi shi, sinadarin nan da yake ɓawon fara da kyankyaso.

Yadda lemar ke fitowa kuwa, in saƙar ta cinye wurin ta ƙoshi, sai wasu zarurrukan su daina miƙewa gaba, su fara nannaɗe juna suna ƙullewa, ƙullin farko ko da ido da ƙyar ka ganshi. Mafi yawan ƙullin nan basa zuwa ko'ina, mutuwa suke. Wanda ya rayu ya kai girman ƙwayar gero, ya kai girman wake, a cikinsa ne ake tsara komai, ga hula, ga kara, ga ƴan shafukan nan na ƙarƙashin hula, duk an gama su amma a matse. Wannan shi ke cin kwanaki a ɓoye cikin taki. Daren ƙarshe kuwa ba sabon gini ake ba sosai, ruwa take zuƙa, sel ɗin kara su saki bangonsu su miƙe su ninka tsawonsu sau da yawa, hula ta buɗe. Kusan kashi 90 cikin 100 na jikinta ruwa ne, shi yasa sai bayan ruwan sama kake ganinta.

Yadda ka kwatanta taka ɗin nan, akan taki kuma ta narke baƙi, da alama dangin wata ce da masana ke kira Coprinopsis cinerea, kuma kayi sa'a don ita ce aka fi yin bincike a kanta, saboda a ɗakin gwaji cikin sati biyu take zagaye rayuwarta kaf. A 2010 aka fitar da cikakken karatun DNA ɗinta, kuromosom, wato ƙunshin da DNA ke naɗe a ciki, 13 gareta. Masu bincike a Japan, musamman a jami'ar Okayama, sun tara waɗanda ƙwayar gadonsu guda ɗaya, wato ɗan yankin DNA mai aiki na musamman, ta lalace suna kallon abin da zai faru, kuma ta haka aka gane aikin kowacce. In ƙwayar gado mai suna eln2 ta lalace kara baya miƙewa, sai ta fito ƴar dunƙulalliya. In ich1 ce, hular bata samuwa yadda ya kamata. In exp1 ce, hular ta ƙi buɗewa kuma ta ƙi narkewa. Wadda ni tafi burge ni ita ce dst1, domin ita ke haɗa furotin ɗin da ke jin shuɗin haske, wato idon halittar kenan, in ta lalace ko ka ajiye ta a tsakiyar rana yi take kamar tana cikin duhu, ta yi ta zura dogon gindi da ƴar mitsitsiyar hula a kai tana neman hasken da yake gabanta. Kaga kenan hasken ba abinci yake bata ba, labari yake bata cewa ta fito sarari inda iska zata iya ɗaukar mata iri.

Narkewar ma da gangan ne. Tana gama sakin ƙurar irinta daga gefen hula sai ta saki enzayim, wato sinadarin narkarwa, da ke cin kaitin ɗin jikinta, gefen ya zagwanye ya ba na ciki hanya. Turawan da har rubutu suke da baƙin ruwan.

TAMBAYA: Malamin bayoloji ɗinmu yace wai akwai lemar kwaɗin da ba mace ba namiji, jinsinta ya fi dubu ashirin. Ajinmu kowa dariya yayi. Gaskiya ne ko tsokanarmu yake? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Ƙanwata ku nemi afuwar malaminku, gaskiya ya faɗa muku. Sunanta Schizophyllum commune, kuma na tabbata kin taɓa ganinta baki kula ba, ƴar ƙarama ce fara-fara mai gashi-gashi, bata da kara, tana fitowa jere a jikin busasshen itace ko tsohon gungume da damina, in rani yayi ta ƙanƙance ta bushe, ruwa na taɓa ta ta sake buɗewa. Tana kowace nahiya ban da Antatika. Lissafin da aka yi mata jinsi 23,328 ne.

Amma bari in fara daga tushe, don in ba haka ba lambar kawai zaki haddace.

Ƙurar irin da ke zubowa daga ƙarƙashin hula, kowace ƙwaya ɗaya cibiya iri ɗaya take ɗauke da ita, cibiya ina nufin wurin da DNA yake a cikin sel. In ta faɗa wuri mai danshi sai ta tsiro da zare, zaren yayi saƙa, kowane sel da cibiya guda. Wannan saƙar tana ci tana girma amma yawanci bata haihuwa, sai ta gamu da wata. In suka gamu kuma suka dace, sai zarurrukan su haɗe, cibiyoyin wannan su kutsa cikin jikin waccan suna ratsa sel bayan sel, na waccan ma su shigo nan, kowacce ta bayar kowacce ta karɓa, shi yasa maganar mace da namiji bata taso ba.

To a nan gizo ke saƙar. A jikin mutum da dabba, ƙwan uwa da maniyyin uba na haɗuwa cibiyoyinsu suke narkewa su zama ɗaya. A lemar kwaɗi sam ba haka bane, cibiyoyin biyu zama suke kusa da juna a sel ɗaya kowacce da kayanta, basa haɗewa, in sel zai rabu su rabu tare a lokaci guda, har akwai wani ɗan lanƙwasasshen bututu da yake tsirowa a gefen zaren ya ɗauki cibiya ɗaya ya zagaya da ita baya, don kowane sabon sel ya samu ɗaya daga nan ɗaya daga can. A haka zasu yi wata da watanni, wasu shekaru, wasu ma ɗaruruwan shekaru. Lemar da kike gani gaba ɗayanta, kara da hula, da irin wannan sel mai cibiya biyu aka gina ta. Sai can a fuskar shafukan ƙarƙashin hula, a wasu sel na musamman da ake kira basidiyam, nan ne kaɗai cibiyoyin biyu ke haɗewa, kuma ko jimawa basa yi sai su sake rabuwa gida huɗu bayan sun cakuɗa gadon iyayen, kowanne kaso ya shige ƙwayar iri ɗaya. Wata ƴar Fotugal, Mathilde Bensaude, ita ta nuna a 1918 cewa sai saƙa biyu sun haɗu, wani Bajamushe Hans Kniep ma ya gano hakan a daidai wannan zamanin ba tare da sun haɗa aiki ba.

Dacewar kuma wurare biyu ne a DNA ke yanke hukuncinta, ana ce musu A da B. Wurin A na ɗauke da furotin masu kunna wasu ƙwayoyin gado, kuma basa aiki sai na wannan cibiya ya haɗu da na wata cibiyar daban. Wurin B na haɗa wasu ƴan sinadaran kira da kuma abin da ke amsa kiran, kuma an yi shi yadda baya amsa kiran kansa. B ke buɗe wa cibiyoyi hanyar tafiya, A ke jera su bibbiyu ya fara gina ɗan bututun nan, B ya dawo ya ƙarasa liƙe shi. Dole su bambanta a A su kuma bambanta a B, in ɗaya ne kawai ya bambanta sai a yi rabin aiki a tsaya. A ita Schizophyllum, A yana da fuska kusan 288, B yana da 81, ki ninka su da kanki ki ga me zai baki. John Raper na jami'ar Harvard da matarsa Carlene Raper su suka ci shekaru akan wannan, shi John ɗin a shekarun 1950 ya tattaro samfuri daga ƙasashe daban-daban yana haɗa su, ya ga ta wannan nahiya na karɓar ta waccan lafiya lau.

Amfanin wannan wahala? Ɗauki lema ɗaya, iyayenta A1B1 da A2B2. Ƴaƴanta zasu fito kashi huɗu, A1B1, A2B2, A1B2, A2B1. Ki duba da kyau, kowanne da kashi ɗaya kawai cikin huɗun zai dace. Wato ɗan'uwa da ɗan'uwa damarsu 25 cikin 100 ce, bare kuwa da iska ta kwaso daga wani daji kusan duk wanda ya zo ya dace. Dabara ce ta rage auren gida ba tare da an rasa abokin zama ba, ga halittar da bata iya tashi ta je nema.

Da aka karanta DNA ɗin Schizophyllum a 2010, ƙwayoyin gado wajen 13,000, masu bincike a Utrecht ta ƙasar Holan sun cire wata mai suna fst4, saƙa ta girma lafiya amma ko lema ɗaya bata fito ba. Suka cire fst3, sai ga lemomi birjik amma duk ƙanana. Ashe har da mai hana yawa a ciki, don ƴan kaɗan ɗin su samu abin da zasu girma da shi.

TAMBAYA: Malam ina son fara noman irin wadda ake ce wa oista. Na sayo a kanti na ɗora hular akan takarda ta zubo farar ƙura, na barbaɗa a garin katako na jiƙa, sati uku ba abin da ya fito sai koren fumfuna. Maƙwabciyata kuma da ta sayi iri tata ta fito amma duk dogon kara ne hula ƴar ƙarama. Ina muka kuskure? Daga wata uwargida a Jos.

AMSA: Hajiya sannu da ƙoƙari, kuma kin yi abin da mai hankali zai fara yi, sai dai ba ta nan ake bi ba. Matsala biyu ce a naki. Ta farko, garin katakon da ba a turara ba cike yake da irin fumfuna, kuma fumfuna ya fi ƙurarki saurin tashi, kafin naki su tsiro su nemi juna su dace ya riga ya cinye wurin. Ta biyu, ko da ace ta fito miki, ba lallai ta yi kama da wadda kika saya ba. Kin san mangwaro ɗan aure, in kika shuka ƙwallonsa sai ki jira shekaru ya baki wani abu daban mai zare, amma in reshe aka yanka aka ɗaura to shi ɗin dai zaki samu. Haka nan ma, ƙura ƙwallo ce, gadon ya riga ya cakuɗe a cikinta kamar yadda na yi wa ɗalibar Zariya bayani a sama. Masu yin iri tsokar cikin lema mai kyau suke yanka da wuƙa mai tsabta a ɗakin da iska bata shigo da datti, su ɗora a abincin gwaji, saƙa ta tsiro da cibiyoyin nan biyu yadda suke ba canji, sannan su mayar da ita kan dafaffen hatsi a kwalba. Dabarar hatsin nan James Sinden ya fito da ita a Pennsylvania a farkon shekarun 1930, kuma dawarmu ta gida na cikin hatsin da suka fi dacewa da ita.

Shawarata ki sayi iri tukuna daga masu yinsa, cibiyar binciken masana'antu ta FIIRO da ke Oshodi a Legas ta daɗe tana koyar da wannan sana'a. Ki tambayi mai sayarwa wane nau'i ne kuma wane zafi yake so, don son sanyi ko jure zafi a gado yake, ba a koya mata shi. Pleurotus ostreatus tafi son sanyi-sanyi, ku a Jos zata yi muku, amma mai karatu a Sakkwato ko Maraɗi gara ya nemi Pleurotus pulmonarius mai jure ɗumi. Akwai ma Volvariella da ake nomawa a Asiya akan tattakar shinkafa, ita digiri 30 zuwa 35 take so, firji ma lalata ta yake. Kuma kar ki yarda da irin da aka yi ta juyawa daga kwalba zuwa kwalba ba iyaka, yana gajiya, kurakurai na taruwa a DNA, amfanin ya ragu.

Ta maƙwabciyarki kuwa irin lafiyarsa lau, ɗakin ne ba iska. Saƙa numfashi take irin namu, tana fitar da iskar kabon, in iskar ta taru sai lemar ta ɗauka har yanzu tana cikin rami, ta danne girman hula ta zuba ƙarfinta a kara. Ta buɗe taga, ta bar ɗan haske ya shigo wanda za a iya karatu da shi, ta riƙa fesa ruwa, fitowa ta gaba zata ga bambanci. Ƴan Japan da gangan ma suke yi wa tasu enoki haka, su hana ta haske su tara mata kabon, ta fito fara dogo-dogo siriri, alhali ta daji ruwan ƙasa ce mai faɗin hula, nau'i ɗaya ne.

Abu ɗaya da zan ƙara, oista na zubar da ƙura da yawa sosai, masu aiki a rufaffen ɗaki kan kamu da tari da ciwon ƙirji saboda ita, ki riƙa cirewa kafin gefen hula ya miƙe ɗoɗar, ki sa takunkumi. A Wageningen ta Holan har sun fitar da irin da baya zubar da ƙura ko kaɗan, ƙwayar gado ɗaya ce mai suna msh4 ta lalace a cikinsa, rabon gadon nan gida huɗu baya kammaluwa.

Af, farar nan mai zagaye ta gwangwani kuma, Agaricus bisporus, ita ta saɓa wa duk abin da na faɗa. Ƙwayar iri biyu take yi a kowane basidiyam maimakon huɗu, kowacce ta tafi da cibiya biyu masu dacewa, don haka bata buƙatar kowa, ƴaƴanta kusan kwafinta ne. Wannan ya wahalar da masu son inganta ta ƙwarai, sai wajen 1980 Gerda Fritsche ta fitar da haɗaɗɗen iri Horst U1 a Holan, kuma yawancin farar da duniya ke ci yau zuriyarsa ce. Farin launin ma asali tsautsayi ne, a wata gona a Pennsylvania aka tsinci ƴan farare cikin masu ruwan ƙasa a tsakiyar shekarun 1920 aka ci gaba da yaɗa su.

TAMBAYA: Kakata tace tsawa ce ke haifar da lemar kwaɗi. Akwai ƙamshin gaskiya? Daga wani matashi a Damagaram.

AMSA: Ka gaida min kaka. Ba ita kaɗai ke faɗa ba, Larabawan sahara ma haka suke cewa game da kam'a, wata ƴar uwarta da ake tonowa cikin rairayi, manoman Japan ma haka. Tsawa bata haifar da ita, saƙar na nan tun kafin hadari, ruwan da sanyin da suka biyo baya su ne babban dalili. Amma a jami'ar Iwate ta Japan an gwada jona wa gungumen da ake noman wata lemar mai suna shitake wutar lantarki mai ƙarfi na ɗan ƙiftawar ido, kuma amfanin ya ƙaru. Don haka kar ka yi mata musu da ƙarfi.

TAMBAYA: Akwai wata babba mai daɗi da ke fitowa kusa da suri da damina, mutanen ƙauyenmu na miya da ita. Me yasa ba a nomanta a sayar? Daga wani malamin makaranta a Kafanchan.

AMSA: Malam ai tana da masu nomanta, gara ce. Sunan dangin Termitomyces, kuma zaman nasu da gara ya kai shekara miliyan 30, a dazukan Afirka ya fara. In aka fasa suri aka kai ciki zaka ga wani abu mai ramuka-ramuka ruwan ƙasa, mara nauyi, da ƴan fararen ƙwallaye a jikinsa. Gara ce ke tauna kara da itace ta kasayar ta gina shi, saƙar ta bi ta narkar da abin da cikin gara baya iya narkarwa, gara ta ci ƙwallayen da tsohon ginin. Binciken DNA ya nuna kowane suri saƙa iri ɗaya tak yake riƙewa komai girmansa. Yawancin nau'in garar da ke nomanta in sun kafa sabon gida sai ma'aikata sun fita sun kwaso ƙurar iri daga waje, shi yasa lemar ke zuro doguwar saiwa tun daga cikin suri ta huda ƙasa ta fito a lokacin da ya dace da su. Amma akwai Macrotermes bellicosus, mai manyan surin nan na yankinmu, ita namijin da ya tashi da fiffike shi ke tafiya da irin a cikinsa.

Saƙar tana girma a kwanon gwaji, amma sa ta ta yi lema a buhu yadda oista ke yi don kasuwa, har yau ba a cimma wannan ba, zafi da danshi da iskar cikin suri da kuma hidimar garar kanta duk suna cikin abin da take jira. Babbar cikinsu, Termitomyces titanicus da aka yi wa suna a Zambiya a 1980, hularta kan kai mita guda a faɗi.

TAMBAYA: Da wannan surutun GMO da ake, wato abincin da aka sauya wa gado a ɗakin gwaji, ita ma lemar kanti an taɓa mata gado ne? Daga wani ɗan kasuwa a Kumasi.

AMSA: Alhaji wadda kake gani a kanti haɗin aure ne na gargajiya, saƙa da saƙa, irin wanda na ambata a sama. Labarin da ƙila ka ji shi ne na Yinong Yang a jami'ar Penn State, wanda yayi amfani da fasahar CRISPR ta yankan DNA ya kashe ɗaya daga ƙwayoyin gado shida da ke sa farar lema yin duhu in an yanka ta, aikin enzayim ɗin ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100. A 2016 ma'aikatar noma ta Amurka tace ba sai ta sa masa ido ba tunda ba a shigo da DNA na wata halitta ba, abin yayi ƙara a jaridu lokacin. Gogewa aka yi, ba ƙari ba.

TAMBAYA: Ance in ka dafa da cokalin azurfa bai yi baƙi ba, ko ka ga akuya ta ci, to ba guba. Wasu kuma sunce a tafasa a zubar da ruwan farko. Wanne ne daidai? Ga hoton wasu da yarana suka tsinto. Daga wata uwa a Bauchi.

AMSA: Baiwar Allah babu daidai ko ɗaya a ciki, kuma dan Allah ki zubar da na hoton nan inda yara ba zasu kai ba. Ni bana yanke hukunci da hoto, duk wanda ya yanke miki da hoto kuma kar ki saurare shi.

Gubar ba datti bace da ta hau kai balle a wanke, ba maciji ne ya hura mata ba, a rubuce take cikin gadonta. Wadda tafi kashe mutane a duniya, Amanita phalloides, asalinta Turai amma ta bi itatuwan da ake dasawa ta kai Amurka da Ostireliya da Afirka ta Kudu, a 2007 masu bincike a jami'ar jihar Michigan suka gano ƙwayar gadon da ke haɗa irin gubarta, AMA1, a jikin ƴar uwarta Amanita bisporigera. Ɗan guntun furotin take yi, wani enzayim ya yanke shi ya ƙulla shi zobe, kuma wannan zoben ne yasa tafasa da suya da shanya basa karya shi, ruwan ciki ma baya narkar da shi. In ya isa hanta sai ya tsayar da injin da sel ke karanta DNA da shi, sel ya kasa haɗa furotin ya mutu. Irin wannan gubar tana cikin wasu dangin daban, Galerina da wasu ƙananan Lepiota, waɗanda ko kama basu yi da Amanita ba, har masana na ganin ƙwayar gadon tsallakawa tayi daga wani dangi zuwa wani. To kinga launi ko siffa ko wari ba zasu faɗa miki komai ba, azurfa kuwa ba ruwanta da wannan sinadari, dabba ma cikinta daban naki daban, kuma baki bi akuyar kin ga yadda ta kwana uku ba.

Muguntar abin ita ce jinkiri. Mutum zai ci yaji daɗi, sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa su taso, kwana ɗaya ko biyu ya ji sauƙi kowa yace alhamdulillahi ya warke, alhali a lokacin ne hanta ke lalacewa, sai ido yayi rawaya. Akwai kuma wata babba fara mai kyan gani da ke fitowa a filin ciyawa a ƙasashe masu zafi, Chlorophyllum molybdites, in ta tsufa ƙarƙashin hularta kore-kore yake komawa, ita cikin awa ɗaya zuwa uku take tayar da amai mai tsanani, ga yaro ƙarami wannan kaɗai ya isa haɗari.

Mutanen ƙauyen da ke cin ta suri sun san nau'i ɗaya ko biyu ne da suka gada daga iyaye, a wurin da suka sani, kuma ko su basa taɓa baƙuwa. In har wani ya riga ya ci wadda ba a sani ba, kar a jira alama, kar a tsaya bashi madara ko manja, a kai shi asibiti a ranar, a tafi da ragowar lemar ɗanya ko dafaffiya a takarda ba leda ba, a faɗa wa likita ƙarfe nawa aka ci da kuma su waye suka ci tare, don a duba hantar kowa har wanda bai fara amai ba.